Jakar Jariri Ba Ta Hawa Saman Mota

Duk wanda ya daɗe a fatauci ya san yadda ake ɗaure dila. Ya san abin da ake sawa ƙasa da wanda ake ɗorawa sama, ya san kayan da ba sa son ruwa, ya san wanda in aka danne shi ya tashi aiki. Za ka ga ɗan kasuwa ya tsaya a kan 'yan lodi a tasha yana ta faɗa don an sa kwalin turarensa ƙarƙashin buhun albasa. Amma mutumin nan, ka tambaye shi abin da ke cikin jakar da maiɗakinsa ta rataya domin jaririnsu, sai ya ce maka ai wannan harkar mata ce. Wani ma har yakan ce da kwandasta a haɗa ta da sauran kaya a ɗaure a sama, don a samu wurin miƙe ƙafa.

Saboda haka da mu maza zan fara, kafin na zo kan iyayenmu mata, waɗanda mafi yawan abin da zan faɗa sun riga ni saninsa. Na haura shekara 20 ina sayar da jakunkuna da takalma, na yi renon 'ya'ya a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyata ba, yanzu kuma ga jikoki sun fara zuwa. Abin da ido ya gani a tasha da bakin iyaka shi zan zayyana.

Fitar jariri iri biyu ce a wurinmu. Akwai ƙarama: zuwa awo a asibiti, zuwa suna ko biki a wata unguwa, ko uwa ta wuni a rumfa a Kejetiya ko Dantokpa da goyonta. Akwai kuma babba, wadda 'yan'uwanmu na gida ba su cika sanin wahalarta ba. Yarinya ta je wankan gida a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato, ta yi arba'in, sai a ɗauko ta da ɗan jinjirin da bai cika wata 2 ba a kamo hanyar Kumasi. Ko kuma a nan aka haihu, salla ta matso, kakanni sun dame ka da waya sai an kawo musu takwara sun gani.

Daga Akra zuwa Legas ba a kai kilomita 500 ba. A takarda tafiyar yini guda ce. Amma iyaka 3 ke tsakani, Aflawo da Hilakonji da Seme, kuma kowacce sai an tsaya, wani lokaci a sauko da kowa a yi layi cikin rana. In Kano ka nufa, daga Legas saura maka kusan kilomita 1,000. 'Yan'uwanmu na Kamaru sukan kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Gaundare, gari ya waye su nemi motar Garwa da Marwa, mai zuwa Cadi ya wuce Kusiri ya haye gada. Masu bin Malanbil kuwa sun ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, lokacin da aka rufe gada, mata da goyo suka koma shiga kwalekwale su haye kogin Kwara zuwa ɓangaren Gaya.

Direba zai ce maka da magariba kun isa. Kada ka haɗa jakar jariri bisa maganar direba. Ka haɗa ta domin sa'ar da taya ta fashe a dajin da babu ko mai shayi, ko aka riƙe motarku a shinge saboda takardun wani fasinja, ko aka ce ma'aikata sun tashi sai gobe. A irin wannan sa'a babba ya iya ɗaure ciki. Jariri bai san haƙuri ba, kuma jikinsa ba shi da ajiya. Gudawar da za ta sa babba ya ɗan yi yaushi kawai, shi tana iya kwantar da shi cikin yini guda. In jakarsa tana can sama an ja mata tamfol an ɗaure da igiya, daidai take da wadda aka manto a gida, don babu yaron motar da zai kwance maka lodi a tsakiyar hanya saboda famfas.

Wace jaka za a saya?

Jakar da ta cika kasuwa yanzu, wadda ake ta tallarta a waya, ita ce mai hannu biyu irin ta 'yan makaranta, ta goyawa a baya. Tana da kyau, tana da aljihuna, wata har da kafar cajin waya. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro ta sun yi ta ne domin uwar da ke tura ɗanta a keke ko ta rataye shi a ƙirji. Matanmu kuwa bayansu da mai shi. Uwa ta yi goyo ta ɗaure majanyi, to ina za ta goya jaka? Sai ka ga ta riƙo ta a hannu kamar wadda ta sayo kaza. In maigida ko wata babbar yarinya na tare da ita, wannan jakar ta yi, su su goya. In kuwa uwa ita kaɗai ke yawan fita, a nema mata mai hannu ɗaya mai faɗi, wanda ake ragewa a ƙara, ta rataya a kafaɗa jakar ta zauna ƙarƙashin hammatarta. Kada hannun ya gitta ta kan wuyan yaron da ke baya. In an hau babur, ko acaɓa ne ko zemijan irin na Kwatano, a ɗora jakar a cinya a naɗe hannun. Duk abin da ke reto kusa da ƙafar babur, hannun jaka ne ko bakin hijabi ko gefen zane, haɗari ne, kuma da goyo ake faɗuwa.

Yanzu ga yadda mu masu sana'ar muke duba jaka, ko da abokan sana'a za su ji haushina. Kada ka fara da kallon fuskarta. Juyo cikinta waje ka dubi ɗinki. Inda hannu ya haɗu da jiki, nan jaka take mutuwa. In layi ɗaya tela ya bi ya wuce, ajiye ta. Nemi wadda aka zagaye wurin da ɗinki aka kuma gitta a tsakiya, ko aka maimaita sau biyu sau uku. Ka sa hannu ka ja da ƙarfi a gaban mai shagon. In ka ga ya ɓata rai, to akwai magana.

Sai zif. Ka buɗe ka rufe kamar sau 10, kuma da hannu ɗaya, domin da hannu ɗaya uwa za ta riƙa buɗe shi, ɗayan yana tallabe da kan yaro. Mai manyan haƙora ya fi jure ƙurar hunturu, mai kai biyu kuma in ɗaya ya mutu ɗayan ya fisshe ka. Bakin jakar ya zama mai buɗewa sosai, a ga ƙasanta ba sai an zazzage ba. Shafin ciki ya zama mai santsi wanda tsumma mai ruwa zai goge, kuma mai hasken launi. Wannan ƙaramin abu ne da mutane ba sa lura da shi sai dare ya yi a mota, an kashe fitila, ana lalube cikin baƙar jaka ana neman ɗan cokali. Robar nan mai kama da fata kuwa, wadda ta fi kowacce ƙyalli a shago, a damshin Kwatano ko Duwala ba ta daɗewa take fara saɓulewa. Yadi mai kauri irin na jakar sojoji ya fi ta nesa ba kusa ba, ko da bai kai ta kyan gani ba.

Mai talla zai ce maka tasa tana da aljihu 17. Me za ka yi da aljihu 17? Sai dai ka manta inda ka sa abu. Babban ciki ɗaya, aljihu biyu a gefe na kwalba da flas, ɗaya a waje na abin gaggawa, ɗaya ɓoyayye mai zif a ciki na takardu, sun wadatar. Girmanta kuma kada ya wuce abin da zai zauna a cinya ko ya shige ƙarƙashin kujera, don da zarar ta wuce haka kwandasta ya samu hujjar cewa a kai ta but.

Na san akwai jakar kayan suna, mai 'ya'ya uku, mai hoton 'yar tsana, wadda dangin miji ke kawowa a jera a ɗaki 'yan barka su gani. Ban hana ba, farin ciki ne. A je awo da ita, a je biki. Amma ta doguwar hanya a nemi wata. Jakar gwanjo mai ƙwari ta fi sabuwa mara ƙwari, a dai wanke ta da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana. Kuma kusan kowane zango akwai mai ɗinkin jaka da zai yi maka daidai yadda ka kwatanta.

Abin da ke ciki

Famfas, ko kush kamar yadda masu Faransanci ke cewa, shi ke cin rabin wuri. Sabon haihuwa yakan ɓata 8 zuwa 12 a yini da kwana, in ya ɗan tasa abin ya ragu. Lissafin da na ga ya fi fitar da mu shi ne ɗaya ga kowace awa 2 ta tafiya, in kuma akwai iyaka a hanya a ninka. Tafiyar da aka ce awa 12 ce, a sa 12 a jakar hannu, sauran su bi babban akwati. Zuwa awo ko kasuwa kuwa 4 ko 5 sun isa. A sayi lamba bisa nauyin yaro da aka rubuta a jikin kwalin, ba bisa watanninsa ba. Wanda ya yi masa kaɗan ya ci masa cinya, wanda ya yi yawa ya yi yoyo a jikin uwa da maƙwabcin kujera.

A nan sai na yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwa. Akwai famfas ɗin dila, wanda ake shigowa da shi tsirara babu kwali babu suna, a zube a faranti a rana da ƙura ana sayarwa ɗai-ɗai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta sha yin gargaɗi a kansa. Na san talauci ne ke kai mutane, na kuma san akwai riba. Amma abu ne da zai kwana manne da fatar jinjiri cikin zafin mota. In kuɗin na kwali bai samu ba, nafkin na yadi da uwa ta wanke da hannunta ta shanya a rana ya fi shi tsabta. Ko da akwai famfas ma, a jefa nafkin 2 ko 3 a jaka. Ranar da famfas ya ƙare su ne ƙunzugu, kafin nan kuma su ne abin goge tumbuɗi, su ne matashin kai.

Tishu mai danshi yana da sauƙi a hanya, sai dai in an bar bakinsa a buɗe kafin azahar ya bushe, kuma mai turare yakan fito wa wasu yara da ƙuraje. Auduga da 'yar kwalbar ruwa mai tsabta suna yin aikin. Bayan an goge a bari wurin ya sha iska kaɗan, a shafa man kaɗanya ko basilin. Man kaɗanya dai a zuba shi a abin da ke rufuwa gam, don rana na dukansa zai narke ya bi kaya. Hoda kuwa da za a ji tawa da an bar ta a gida. A cikin mota mai rufaffen gilashi, abin da aka barbaɗa hancin yaron yake komawa.

Shimfiɗar canji kada a manta da ita. Bencin tasha da teburin iyaka da ƙasan jirgi, Allah kaɗai ya san abin da ya taɓa su. 'Yar shimfiɗar roba mai naɗewa, a ɗora tsohon zane a kai, shi ke nan. Sai ledoji na ƙulle abin da ya ɓaci. A ƙulle a adana har a samu bola, kada a wurga ta taga, mu baƙi ne a ƙasar mutane kuma da irin wannan ake yi mana suna. A ajiye ledojin can ƙasan jaka inda hannun yaro ba ya kaiwa, don leda a fuskar jariri ba ta ba da lokaci. Sabulu ɗan gutsure a cikin 'yar roba, domin hannun da ya canza famfas shi ne zai koma ba da nono.

Tufafi: canji 3 na auduga mai sauƙin cirewa, hula, safa, da ɗan bargo mara nauyi. Manyan motocin dare suna sakin sanyin na'ura kamar ana ajiyar kifi, kuma mai tasowa daga bakin teku a watan Disamba ko Janairu, da ya haura arewa zai tarar da hunturu na jiransa. Amma akwai ɗaya gefen, wanda ya fi yawa a wurinmu: a naɗe jinjiri da hula da suwaita da tawul da zane a watan Afrilu, yana ta gumi yana kuka ana cewa rigima ce. A taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In da gumi a rage masa kaya. Uwa ma ta sa riga ɗaya da hijabi a leda daban, saboda salla da kuma ranar da yaro ya yi mata wanka da amai tun ba a bar gari ba. Zanen goyo na biyu kuwa, ban san wani abu a jakar nan da ya kai shi yawan amfani ba. Shi ne labule in za a shayar, shi ne inuwa a layin iyaka, shi ne shimfiɗa. In akwai yiwuwar kwana a tasha, ɗan gidan sauron nan mai naɗewa kamar laima ya cancanci wurin da zai ci.

Ciki da ruwa

Uwar da ke shayar da nono zalla ta huta da rabin wahalar hanya. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, duk zafin gari. Za a samu wata dattijuwa a mota ta ce, haba 'yar nan, ba shi ruwa mana, ba ki ga rana ba? A yi mata godiya da ladabi, a ƙara ba shi nono. Uwar ce za ta sha ruwan, da yawa kuwa. Kuma a nan akwai laifinmu maza: mata da yawa suna ƙin shan ruwa a hanya don kada fitsari ya kama su direba ya ƙi tsayawa. Maigida, in kana motar, kai ne mai buɗe baki ka ce a tsaya.

Mai shan madarar gwangwani shi ne abin tsoro. Garin madara ba a tsarkake yake ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce kafin a ba yaro. Abin da aka dama kuma ya yi awa 2 a waje, a zubar. To kun ga dabarar nan ta dama fida uku tun asuba a jera a jaka don a huta, ita ce ke kawo gudawar da ake ɗora wa canjin ruwa ko haƙori. A tafi da garin a bushe, da flas mai riƙe zafi da gaske, a dama lokacin da za a sha. A gwada flas ɗin tun a gida: a cika shi da dare, a duba da safe. Sannan a tsayar da shi a aljihun gefe murfi a ɗaure, kada a tsiyaya ruwan zafi yaro na kan cinya mota na tafiya. Fida tana da wuyar wankewa a hanya, ƙaramin kofi da cokali sun fi ta sauƙin tsabta.

Wanda ya wuce wata 6 ya fara cin abinci, garin kununsa a bushe ya fi damammen da zai yi tsami kafin la'asar. Ayaba tana zuwa da murfinta daga Allah. Ruwan leda na bakin hanya kuwa wani mai kyau ne wani a bayan gida aka ƙulla, kuma ido ba ya rabewa, don haka na yaro a taho da shi tafasasshe daga gida. Zuma kada ta shiga bakin wanda bai shekara ba, ko ɗan lasawa.

'Yar jakar magani

Wannan ba ta da girma, amma saboda ita na ɗauki alƙalami. Abu na farko garin haɗin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS, ƙunshi 3 ko 4, da ƙwayar zink. Kuɗinsu bai kai na katin waya ba. A karanta jikin ƙunshin, domin wani na lita ɗaya ne wani bai kai ba, kuma a juye shi duka a daidai ruwan da aka rubuta. Kada a raba biyu da ido, kada a ƙara sukari. Abin da ya kwana ya wuni, wato awa 24, a zubar a haɗa sabo. Ana ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, ana ci gaba da ba shi nono. Zink kuwa miligiram 10 ne a rana ga wanda bai kai wata 6 ba, 20 ga wanda ya wuce, har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Ranar awo ta ƙarshe kafin tafiya, a sa malamar asibiti ta nuna yadda ake yi.

Na biyu ma'aunin zafin jiki. Tafin hannun uwar da ta wuni a mota ba ya faɗin gaskiya. Jaririn da bai kai wata 3 ba in ma'auni ya nuna 38, ba maganar farasitamol ba ce, maganar asibiti ce a garin da aka fara tararwa. Haka in ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga, ko maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, ko numfashi na sama-sama, ko ya yi taune-taune. A sauka. Kuɗin mota ya tafi, kaya a yi wa direba waya ya ajiye a tasha. Na ga iyaye suna cewa bari dai mu ƙarasa gida tukuna, alhali gidan saura awa 9. Wanda ya girmi haka, farasitamol na yara da ma'aikacin lafiya ya faɗi awonsa bisa nauyin yaron, tare da ɗan kofin awonsa, ba cokalin shayi ba.

Abin da ba ya shiga jakar nan shi ne maganin mai talla a mota, wanda kwalba ɗaya ke maganin shawara da basir da haƙori da mayu. Haka maganin murar nan mai sa barci da wasu ke ɗura wa yaro don kada ya dami fasinjoji. Wallahi gara ya dame su. Yaron da aka bugar da magani ba ya tashi shan nono, kuma in ciwo ya zo ba za a gane ba sai ya yi nisa. Ku tuna abin da ya faru a Gambiya a 2022, inda aka danganta mutuwar yara sama da 60 da gurɓataccen maganin tari da mura na ruwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba na shekarar. Magungunan manya kuma, na hawan jini ko na ciwon jiki, a raba su da jakar yaro, musamman in akwai yayansa mai rarrafe ko tatata a tafiyar.

Takardu

Mu manya ba ma manta namu. Na jariri ne ake cewa ai jinjiri ne, wa zai tambaya? Ana tambaya. Jami'an iyakokin nan an ɗora musu aikin sa ido kan masu safarar yara, kuma matar da ke ɗauke da jariri babu wata takarda tana iya shan tambayoyi har motarta ta gaji da jira. Takardar haihuwa ita ce gaba. In uwa ita kaɗai ce, 'yar wasiƙa daga uban da kwafin katinsa da lambar wayarsa tana rage dogon bayani. A kuma duba rubutun suna tun a gida. Uba a katinsa na Nijeriya an rubuta Usman, a takardar yaron da aka yi a ƙasar Faransanci an rubuta Ousmane, uwa kuma da aka tambaye ta sunan yaro ta ce Baffa, don sunan surukinta ne ba ta iya faɗa. Mu mun gane. Jandarma bai gane ba. Uwargida, a wannan wurin ki nuna masa takarda da yatsa in bakinki ba zai iya ba.

Sai katin riga-kafi, wanda wasu ke ce wa katin awo. Tsarin allura ba ɗaya ba ne a duk ƙasashe. Misali riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, Gana ta fara shi a wasu yankunanta tun 2019, Kamaru ta sa shi cikin alluran yau da kullum a watan Janairun 2024. In yaro ya tashi daga wata ƙasa zuwa wata, katin ne kaɗai zai gaya wa malamar asibiti inda aka tsaya. In hutu ya yi tsawo ranar allura ta riske ku a gida, a kai shi asibitin can da katin, kada a ce sai mun koma.

Allurar shawara a wata 9 ake yi wa yaro. Katin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambaya a iyaka daban yake da katin awo, ofishin lafiya da aka ba izini ke bayar da shi. Yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Wanda bai kai wata 9 ba, takardar haihuwarsa ita ce hujjarsa. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025 kuwa, kada mutum ya dogara da abin da ya sani shekarun baya. A tambayi wanda ya bi hanyar a satin nan.

A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a sa kwafi cikin leda a ɓoyayyen aljihun jaka, na asali kuma su zauna a jikin uwa ko uba.

Wata ɗabi'a tamu ta 'yan kasuwa ita ce ɓoye kuɗi a jakar jariri, wai ba mai zato. Ɓarayin tasha sun riga mu sanin wannan. In suka fizge, da kuɗin da maganin yaron da abincinsa duk sun tafi. 'Yan canji dai a sa, na kowace ƙasar da za a ratsa, sidi da sefa da naira, saboda ruwa da banɗaki. A tuna sefar Kamaru da Cadi ba ita ce ta Togo da Benin da Nijar ba, mai rumfa ba zai karɓa ba. Mafi muni shi ne saƙo. Wani ya zo a tasha da fara'a, Hajiya don Allah ga ɗan ƙunshi ki sa mini a jakar yaro, ƙanena zai karɓa a Seme. Ko ɗan unguwarku ne, a buɗe a gabansa a gani, in ya ƙi a mayar masa. Abin da aka samu a jakarki naki ne a wurin hukuma, kuma goyon da ke bayanki ba zai hana a rufe ki ba. Kai ma maigida, kada ka cusa 'yan wayoyi ko agogunan sayarwa ƙarƙashin famfas don gudun kwastan. Ranar da suka gano, a teburinsu mai ƙura za su zazzage komai, har cokalin yaron.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa jakar tun da sauran kwana biyu, kuma a haɗa ta tare. Abu mai nauyi da wanda ba a nema sai jifa-jifa, bargo da canjin kaya na uku, su je ƙasa. Famfas 2 da abin gogewa da shimfiɗa a ƙulle su wuri ɗaya a sama, yadda hannu ɗaya zai zaro su gaba ɗaya. Abinci gefe guda, abin da ya ɓaci ɗaya gefen, kada su haɗu. 'Yar tocila a aljihun waje, don cajin waya ba ya kai dare. Sannan maigida ya zauna uwargida ta nuna masa wurin kowane abu, ya rufe ido ya lalubo. Za a yi dariya, yara su taru suna kallon Baba. A yi. Akwai lokacin da za a shiga da mata wani ɗaki daban don bincike, ko jiri ya kwashi uwar, a miƙo maka yaro yana tsala ihu da jakar, fasinja 50 suna kallonka.

In an dawo kuma kada a jefa ta bayan ƙofa sai wata tafiyar. A zazzage, a fitar da ledar da aka manta da ita, a goge ciki a shanya. A duba ranar lalacewar ORS da farasitamol, a mayar da abin da aka taɓa. Famfas ɗin da ya rage kuwa a yi amfani da shi yanzu ko a miƙa wa maƙwabciya mai sabon jego, don nan da wata biyu ya yi wa yaron kaɗan.